Guɗar da Hajara Ta Haɗiye

Akwai wata yarinya a unguwar Mansur da ke Makka, ana kiranta Suhaila. A nan aka haife ta, a nan ta girma, don haka Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. In ta ɗauko Hausa sai ka ji tana ɗingishi, ta faɗi kalma biyu, ta cike ta ukun da Larabci.

Yarinya ce mai hankali. Ba ta ɗaga wa babba murya, ba a taɓa kawo ƙararta gida ba. Na faɗi haka tun yanzu ne don kada ku gyara zama kuna jiran labarin wata fitsararriya. Abin da Suhaila ta yi, masu ladabi ne suka fi yin irinsa, kuma da murmushi suke yi.

Mahaifiyarta Hajara Bagobira ce daga Sabon Birni. Shekara ashirin da shida ke nan da ta biyo mijinta ta Chadi da Sudan suka tsallako teku, tun daga nan ba ta sake taka gida ba. Fura take damawa tana aika wa masu shagunan abinci na bakin titi. Amma in ka tambayi matan Mansur wace ce Hajara, ba za su ce maka mai fura ba, mai guɗa za su ce. Ba a kai amarya a layinsu, ba a fito da jariri ranar suna, sai an aika a kira ta. In ta riƙe hanci ta rangaɗa, har 'yan hawa na huɗu sai sun leƙo ta taga.

A fuskarta akwai tsagar gidansu, siraran layuka da suka taso daga gefen baki suka nufi kunne, dama da hagu. A titi ba mai gani, tunda da niƙabi take fita. A gida kuwa Suhaila ta saba da ita har ba ta ganinta.

Sai wata rana, tana ajin farko na babbar sakandare, wata yarinya ta nuna wata dattijuwa mai sharar makaranta ta ce, "Ku dubi fuskarta, kamar mage ta yakushe ta." Aka kwashe da dariya. Suhaila ma ta yi, har ta fi wasu ƙarfi. Daga ranar, duk taron iyaye da makaranta ta kira, sai Suhaila ta samo dalilin da zai sa ba sai Ummi ta je ba. Shekara uku tana wannan kwana-kwana, kuma ta yi nasara.

To, ga bikin yaye ɗalibai ya zo, wanda ba ya kauce wa kowa.

Makarantar ta kama wani zauren biki na mata zalla. A irin wannan zaure ana cire abaya da niƙabi tun daga bakin ƙofa, ana karɓe wayoyi, mai hoto mace ɗaya ce tak, kuma kowace ɗaliba hoto ɗaya za a yi mata da mahaifiyarta. Za a kira sunan yarinya, ta tako a kan doguwar shimfiɗa, mahaifiyarta ta yi mata guɗa, in an gama a saki kiɗa a yi rawa.

Hajara ta fi 'yarta ɗokin ranar. Ƙanenta Usaini ya aiko mata da leshi ruwan zuma daga gida, ta kai aka ɗinka. Kwana uku ta daina shan ruwan sanyi, a wannan zafin na Makka, sai zuma da ruwan ɗumi. Maƙwabciyarsu ta kira ta guɗar suna, ta ba ta haƙuri.

"Muryar nan na aje ta," in ji ta. "Shekara ashirin ina yi ma ɗiyan mutane. Wagga ta ɗiyata ce."

Sannan ga tsohuwarta can Sabon Birni, wadda Suhaila ke kira Kaka duk da ba su taɓa haɗuwa ba. Ta sa Usaini ya turo saƙon murya har sau biyu: a tabbata an aiko mata da hoton ranar, tana son ganin Hajara da jikarta tare.

Suhaila tana jin duk wannan, tana neman dabara.

Akwai wani shagon kayan kwalliya a wani babban kanti da 'yan ajinsu ke zuwa. A can ciki, bayan labule, suna da kanta mai madubi da fitilu inda ake yi wa mata kwalliya. Suhaila ta kama kujera biyu, ɗaya tata ɗaya ta Ummi. Da ta faɗa wa Hajara, matar nan sai da ta zauna a bakin gado.

"Ni za a yi ma kwalliyar kanti? Ni da ban wuce kwalli ba?"

"Rana ɗaya ce, Ummi. Ina son ki fi kowa kyau."

Hajara ta yi ta sa mata albarka. Suhaila ta amsa da amin, ba ta iya kallon ta ba.

Ranar bikin, bayan azahar, suka isa shagon. Mai kwalliyar wata budurwa ce, Kabira, ita ma jikar mahajjata ce, tana jin Hausa sarai. Ta fara da Suhaila, ta yi mata hoda da gazal da jan baki mai sanyi. Yarinya ta fito fes.

Da Hajara ta zauna ta ɗaga niƙabi, Kabira ta yi murmushi ta ce, "Masha Allah, Umma, fatarki ba ta bukatar wahala. Hoda kaɗan da kwalli, halas, shi ke nan."

Sai Suhaila ta matso kusa da kunnenta ta yi mata magana da Larabci ƙasa-ƙasa, da sauri. Ta ce a rufe layukan nan duka, kada a ga ko ɗaya.

Kabira ta ajiye buroshin da ke hannunta. Ta dubi Suhaila, ta dubi Hajara ta cikin madubi. Sannan ta yi abin da Suhaila ba ta zata ba, ta tambaya da Hausa a fili.

"Umma, kina so a rufe tsagar?"

Jama'a, macen da ta yi shekara ashirin da shida a Makka, mai cinikin fura da Larabawa, wa ya ce ba ta jin Larabci? Ta ji tun raɗar farko. Ta ɗaga ido ta dubi 'yarta a madubi. Suhaila ta sunkuya tana gyaran igiyar jakarta wadda ba abin da ya same ta.

"Abin da ɗiyata ta ce, shi za a yi," in ji Hajara. "Ranarta ce."

Kabira ta ɗauko wani man rufe tabo mai kauri, ta shiga cike layukan ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa, ta jira ya sha iska, ta ƙara, ta bi da hoda. Aikin ya ci kusan rabin awa. Da ta gama, matar da ke cikin madubin kyakkyawa ce, kumatunta sumul, amma ko maƙwabciyarsu ta bango ɗaya sai ta sake kallo kafin ta gane ta.

"Sai dai akwai sharaɗi, Umma," in ji Kabira. "Abin ya yi kauri. In kika yi gumi zai narke. In kika buɗe baki da yawa, ko kika yi dariya sosai, zai tsage daidai kan layukan, kuma ya fi muni a kan a bar su a fili."

"Har guɗa?" Hajara ta tambaya.

Kabira ta juya ta kalli Suhaila.

Nan ne ya kamata Suhaila ta ce a goge. Kalma ɗaya ce, kuma tana kan harshenta. Sai ta ji bakinta yana cewa, "Ai akwai kiɗa, Ummi. Ko kin yi ba lallai a ji ba."

Hajara ta gyaɗa kai ta sauke niƙabinta a hankali, tana kare kumatu da hannu kada ya goge.

Suna fita, Kabira ta tura wa Suhaila wani ɗan ƙunshi na audugar goge kwalliya mai danshi a tafin hannu. "Riƙe wannan a jakarki. Minti biyu ya isa ki cire mata shi, in kin canza ra'ayi."

Zauren ya cika da mata sun fi ɗari uku, ga ƙamshin turaren wuta, ga walƙiyar riguna. Hajara ta samu kujera kusa da na'urar sanyaya ɗaki ta zauna a miƙe kamar mai ciwon wuya. Aka kawo gahawa mai zafi, ta ƙi. Wata mata ta yi raha a teburinsu, kowa ya dara, ita ta ɗan motsa leɓe kawai.

Aka fara kiran suna. Kowace yarinya ta tako, sai guɗar mahaifiyarta ta tashi. Wasu iyayen ma ba su iya ba, abin nasu kamar kukan kaza, amma suna yi da zuciya ɗaya, ana tafa musu.

Aka kira Suhaila, da ƙarin cewa ita ce ta biyu a duk makarantar.

Ta tako kan shimfiɗar. Ba ta ji komai ba. Daƙiƙa uku ko huɗu ne, amma har yau in ta tuna sai ta ce sun fi duk shekarun karatunta tsawo. Ta waiga ta hango mahaifiyarta a tsaye, hannunta ya tashi ya kusa kai wa hanci, sai ya tsaya, ya koma ƙasa. Ta ga maƙogwaronta ya motsa. Daga nan aka fara tafi, wata malama ta yi 'yar guɗa don cike gurbi.

Da aka saki kiɗa, fili ya cika. Sai ga Basma, aminiyar Suhaila, wadda Suhaila ta fi jin tsoron idonta a duk ajin, ta jawo wata tsohuwa da hannu.

"Zo ki gai da kakata. Daga Sudan ta zo umara, na ce ba za ta koma ba sai ta yi rawa a bikina."

Suhaila ta ɗaga ido. Tsohuwar tana da tsaga uku manya-manya a kowane kunci, a fili, ba hoda ba komai. Tana dariya da duk haƙoran da suka rage mata. Ta shiga tsakiyar fili da sandarta, 'yan mata suka kewaye ta suna tafi, har da yarinyar nan da ta yi maganar mage shekara uku da suka wuce. Ba wanda ya ce uffan a kan fuskarta.

"Ina Umminki?" in ji Basma. "Ba ita ce mai guɗar da kike ba mu labari ba? Tun ɗazu nake kasa kunne."

"Ba ta jin daɗi," in ji Suhaila.

Ta sa hannu a jaka, ta taɓa ƙunshin audugar. Banɗaki yana nan kusa, minti biyu aka ce. Amma ta tuna in Ummi ta fito da wata fuska bayan ta shiga da wata, kowa zai gane an rufe ne, kuma za a tambayi wa ya sa. Yanzu kunyar ta zama biyu. Ta zare hannunta ta koma cikin rawa, ƙafafunta suna yi, ita ba ta wurin.

Aka yi musu hotonsu ɗaya. Suhaila da takardarta a hannu, Hajara a gefenta baki a rufe.

A gida Hajara ta daɗe a banɗaki tana wankewa da sabulu har kumatunta suka yi ja. Ta fito ta ce, "Biki ya yi kyau, Allah shi yi maki albarka." Ba ta ƙara komai ba. Da ta yi faɗa, da Suhaila ta samu sauƙi.

Bayan kwana uku hoton ya fito, aka tura wa Usaini. Da hantsi, Hajara tana kicin tana kirɓa gero, wayarta ta yi ƙara. Hannunta duk gari, sai ta buɗe muryar a fili. Suhaila tana bayan ƙofa tana ninke wanki, tana jin komai.

Muryar Kaka ce, tana rawa.

"Hajara, na ga hoto. Na sa Usaini ya buɗa mani shi babba, na bi da yatsa, ban iske komi ba. Ina zanen gidanmu? Ubanki, Allah shi jiƙan shi, shi ya riƙe ki ranar da anka yi maki shi. Ni kullum in na dubi madubi, cewa nikai ga rabin fuskata can Makka. Kunyarmu kinka ji?"

Taɓarya ta tsaya. Suhaila ta dakata da ninkin, tana jiran a kira sunanta.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Hajara. "Ni na so. Na ga mata suna yi, sai sha'awa ta kama ni. Ki yafe mani."

"To," in ji tsohuwar. "To, Allah shi kyauta." Kiran ya katse.

Hajara ta ci gaba da kirɓi. Suhaila ta leƙa ta gefen ƙofa, ta ga hawaye yana bin layukan nan yana sauka zuwa gefen baki, matar kuwa ba ta ko share ba don hannunta da gari.

Wallahi ni a wurina nan ne labarin ya fi ciwo. Uwar da aka hana guɗa, aka hana dariya, ita ce kuma ta ɗauki laifin ta ɗora a kanta a gaban tata uwar, mace mai shekara tamanin da ba ta da tabbacin za su sake ganawa.

Suhaila ta shigo kicin ɗin. Ta ɗauki wayar daga kan kantar kicin, ta danna kiran Usaini.

"Mi za ki yi?" in ji Hajara. "Aje wayar nan."

Karo na farko a rayuwarta, Suhaila ta ƙi bin maganar mahaifiyarta. Da aka miƙa wa tsohuwar, ta tattaro duk Hausar da take da ita.

"Kaka, ni ce Suhaila. Ba Ummi ba ce, wallahi ni ce. Ni na ce ma mai kwalliya ta rufe. Ni na ji kunya. Ummi ba ta so, bas, kawai ta yi shiru saboda ni. Kuma ba ta yi guɗa ba. Kwana uku tana shan zuma, ni na hana ta."

Sauran maganar kuka ya cinye ta, rabi Hausa rabi Larabci.

Tsohuwar ta bari har ta gama. Sannan ta ce, "Ke jikata, Hausarki ta karye, ban ji rabin abin da kinka ce ba. Amma na ji inda ya kamata in jiya. Ba a yi maki guɗa ba?"

"Ba a yi ba, Kaka."

"Kin ci ta biyu ga makaranta duka, ba a yi maki guɗa ba? Ba ni uwarki."

Hajara ta karɓa da hannu mai gari.

"Hajara, ashe har yanzu kina nan da halinki na ɗaukar kayan da ba naki ba. Ni na koya maki guɗar nan. Yi mata yanzu in jiya."

"Inna, cikin kicin nike."

"Na ce ki yi."

Hajara ta ajiye wayar a kan buhun gero. Ta goge hannu a zani, ta dubi 'yarta, ta riƙe hanci. Guɗar da ta haɗiye kwana uku ta fito gaba ɗaya, doguwa, mai kaifi, har murfin tukunya ya ɗauki amo. Layukan fuskarta suka buɗe suka tashi sama. Daga cikin wayar, can Sabon Birni, wata siririyar murya mai rawa ta ɗauka ta taya ta.

Maƙwabta suka fara ƙwanƙwasa ƙofa suna tambayar wa aka haifa.

Suhaila tana tsaye da rigar gida da silifa, ba kwalliya, ba shimfiɗa, ba fitilu. Ba ta taɓa jin abu mai daɗin wannan ba, kuma daɗin ne ya ƙara mata ciwo, don ta san yadda zai kasance da a zauren nan aka yi shi a gaban mata ɗari uku. Ta durƙusa ta riƙe ƙafar mahaifiyarta tana neman gafara. Hajara ta ce ta yafe tun a gaban madubi.

Sun sake yin wani hoton a falo ranar Juma'a, Hajara da leshinta da kwallinta kawai, tana dariya har kunne. Shi aka tura Sabon Birni. Amma bikin yaye ɗalibai sau ɗaya ake yi wa mutum a sakandare, kuma a hoton makaranta har abada bakin Hajara a rufe yake.

Ƙunshin audugar nan yana cikin jakar Suhaila har yanzu, ba a buɗe ba. Basma ta taɓa gani ta ce ta yar, ai ya bushe. Suhaila ta ce ta sani, ta mayar da shi inda yake.

Darasi: Kada ka gyara iyayenka don su dace da idon mutanen da ba su taɓa ɗaukar ka a baya ba. Sau da yawa abin da kake ɓoyewa ba wanda ya damu da shi sai kai, kuma shirun uwa ba yarda ba ne, ƙauna ce ta hana ta magana. In ka gane ka yi kuskure, gyara shi a lokacin da gyaran yake minti biyu. Ku tura wannan labari ga duk wanda mahaifiyarsa ke raye, ko Allah zai sa ya bar ta ta yi guɗarta a ranar da ta dace.